Ƙasidar da ta kai Daniel Defoe turu: nazarin shari'ar 1703

A farkon watan Disamba na shekarar 1702 wata 'yar ƙasida ta fito a kasuwar littattafai ta birnin Landan, babu sunan marubuci a jikinta, tana ba gwamnatin Sarauniya Anne shawarar yadda za ta gama da Kiristocin da suka ƙi bin Cocin Ingila. Shawarar ba ta da kwana-kwana: duk wanda aka kama a ɗakin ibadar da ba na cocin gwamnati ba a kore shi daga ƙasar, mai wa'azin da ya tara su kuma a rataye shi. Sunan ƙasidar The Shortest Way with the Dissenters, wato hanya mafi kusa ta gamawa da masu saɓa wa coci. Wanda ya rubuta ta, Daniel Defoe, shi kansa ɗan gidan masu saɓawar ne gaba da baya, kuma gatse yake yi. Ya ari bakin abokan gabarsa ne ya ci musu albasa, domin jama'a su ji inda wa'azinsu ya dosa. Kafin shekara ta zagayo an ƙona ƙasidar a harabar Majalisa, an farauci marubucin na wata huɗu da rabi, an tsayar da shi a turu sau uku a tsakiyar birni, masana'antarsa ta durƙushe, sannan ya fito daga kurkuku yana ɗan aiken asirin gwamnati.

Masu ba da labarin wannan lamari sun fi son su tsaya a wajen turu, inda jama'a suka yi wa Defoe tafi maimakon jifa, su ce alƙalami ya yi galaba a kan hukuma. Ni ban ga haka ba. Wutar da aka cinna wa ƙasidar ba ta hana kowa karanta ta ba, turun ma bai kunyata shi ba, amma abin da aka yi masa a ɓoye cikin watannin da suka biyo baya ya ɗaure alƙalaminsa har kusan ƙarshen rayuwarsa.

Ƙasar da ƙasidar ta faɗo cikinta

Tun da aka maido da sarauta a 1660, bayan yaƙin basasar da ya kai ga fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, dokokin Ingila suka raba Furotesta gida biyu. Dokar 1662 ta tilasta wa kowane limamin coci bin littafin addu'a na Cocin Ingila, kimanin 2,000 suka ƙi, aka raba su da muƙamansu, cikinsu har da Samuel Annesley, faston da iyayen Defoe suke bi. Wasu dokoki biyu, ta 1661 da ta 1673, suka ce babu mai riƙe muƙamin gari ko na gwamnati ko na soja sai wanda ya karɓi jibin Ubangiji bisa tsarin cocin gwamnati. Da Sarki William na Uku ya hau mulki bayan juyin 1688, dokar rangwame ta 1689 ta ba masu saɓawa damar yin ibada a ɗakunansu masu rajista, amma ƙofar muƙami ta ci gaba da zama a rufe.

Attajiran masu saɓawa sai suka samo dabara. Mutum yakan leƙa cocin gwamnati ya karɓi jibi sau ɗaya, a ba shi takardar shaida, ya kama muƙaminsa, sannan ya koma ɗakin ibadarsa na kullum. A 1697 Magajin Garin Landan, Humphrey Edwin, ya tafi ɗakin ibadar masu saɓawa cikin kayan sarautarsa ana riƙe da takobin birni a gabansa, abin da ya harzuƙa malaman cocin gwamnati ƙwarai. Abin lura shi ne Defoe ma bai goyi bayan wannan dabara ba. A 1698 ya rubuta cewa mai yin haka wasan ɓuya yake yi da Allah Maɗaukaki, saboda haka tun kafin rikicin 1702 manyan mutanensa suna da jikakka da shi.

Sarki William ya rasu a watan Maris na 1702. Anne da ta gaje shi 'yar Cocin Ingila ce ta gani-kashe-ni, kuma a jawabinta ga Majalisa a watan Mayu ta yi alkawarin kiyaye dokar rangwame, amma ta ƙara da cewa za ta fi karkata ga masu tsananin kishin cocin. Wannan ƙarin ya isa. Jam'iyyar Tory, mai goyon bayan cocin gwamnati, ta lashe zaɓen wannan shekara, masu wa'azi masu zafin kai suka samu bakin magana, fitacce daga cikinsu Henry Sacheverell na Oxford, wanda ya yi kira da a ɗaga jar tutar yaƙi a kan masu saɓawa. A watan Nuwamba Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin hana dabarar leƙa coci, da tarar fam 100 ga duk mai muƙamin da aka gani a ɗakin ibadar masu saɓawa, da ƙarin fam 5 a kan kowace rana da ya ci gaba da zama a kujerar. Ƙudurin yana gaban Majalisar Dattawa ana ta ja-in-ja a kansa, ƙasar kuma tana cikin yaƙi da Faransa, lokacin da ƙasidar ta fito.

Defoe a lokacin ya ɗan haura shekara 40. Ɗan mai sana'ar kyandir ne, ya yi karatu a makarantar masu saɓawa ta Charles Morton, ya yi fataucin safa da giya, ya shiga tawayen da Monmouth ya yi wa sarki a 1685 ya tsira da kyar, ya karye a 1692 da bashin fam 17,000, sannan ya farfaɗo da masana'antar bulo da tayil na rufi a Tilbury. A 1701 waƙarsa ta kare Sarki William daga masu yi masa gorin baƙunta ta yi kasuwa sosai, kuma a wannan shekarar ya miƙa wa Kakakin Majalisa, Robert Harley, wata takardar gargaɗi mai zafi da sunan talakawan Ingila. 'Yan Tory ba su manta da ko ɗaya ba, kuma sarkin da yake ba shi inuwa ya riga ya kwanta dama.

Abin da ke cikin ƙasidar

Ƙasidar ta buɗe da tatsuniya. Wani zakara ya kwana a bargar dawaki, babu wurin hawa, dole ya kwanta a ƙasa, da ya ga dawakai suna ta tattaki sai ya ce musu: jama'a, mu tsaya cik kada mu tattake juna. Marubucin ya ce haka masu saɓawa suke, yanzu da mulki ya kuɓuce musu suke kiran zaman lafiya da haƙuri da juna. Daga nan ya shiga lissafa musu laifi: kun yanka sarki ɗaya, kun tuɓe na biyu, kun mai da na uku abin wasa. Ya ce shekara 14 ke nan coci mafi tsarki a duniya tana cikin ƙasƙanci, kuma sassaucin da aka yi musu a baya shi ne kuskuren da ya jawo duk wata fitina.

Inda ƙasidar ta fi tsoratarwa shi ne yadda take amsa hujjojin masu sassauci ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, ba tare da ihu ba. In aka ce masu saɓawa suna da yawa, sai ta ce ba su kai Furotestan Faransa yawa ba, amma sarkin Faransa ya share su gaba ɗaya kuma ba a ga ya yi kewarsu ba. Wannan nuni ne ga abin da Louis na 14 ya yi a 1685, wanda ya kori dubban mutane daga gidajensu, da yawansu suka yi hijira zuwa Landan. In aka ce wannan zalunci ne, sai ta ce kashe maciji ma rashin tausayi ne a ido, amma dafin da ke jikinsa ya sa kashe shi ya zama taimako ga maƙwabta. Tarar sule 5 a wata ko sule 1 a mako, in ji ta, sayar wa mutane lasisin saɓo ne, da igiyar rataya ce sakamakon zuwa ɗakin ibadarsu da ba a ga cincirindo a can ba. Ta rufe da cewa an gicciye Cocin Ingila tsakanin ɓarayi biyu, Katolika da masu saɓawa, yanzu lokaci ya yi da za a gicciye ɓarayin.

Mai gatse a baki yana da murya da fuska da za su nuna wa mai sauraro cewa akasin maganar ake nufi. Takarda ba ta da ko ɗaya, kuma Defoe da gangan bai bar wata alama bayyananniya ba. Ya kwaikwayi salon Sacheverell da ire-irensa, da kalmominsu da misalansu, ya ƙara taki ɗaya kawai a kan inda suka saba tsayawa. Daga baya Defoe ya ba da labarin cewa wani malamin cocin gwamnati ya rubuto wasiƙa yana cewa bayan Littafi Mai Tsarki babu abin da ya fi daraja a wurinsa kamar wannan ƙasida, yana addu'ar Allah ya sa Sarauniya ta aiwatar da ita. Wannan shaidar Defoe ce a kan shari'ar kansa, amma fushin da masu zafin kai suka nuna da asiri ya tonu ya isa ya nuna cewa tarkon ya kama wasu.

Cikin 'yan makonni ɓangarori uku suka haɗu a kansa. Masu zafin kai sun fusata domin an sa su yi wa kisan jama'a tafi a bainar jama'a. Masu saɓawa sun firgita da farko, da suka gane nasu ne ya rubuta sai firgicin ya koma haushi, domin sun ga ya jefa su cikin haɗari a lokacin da suke lallaɓa 'yan Majalisar Dattawa. Gwamnati kuma ta ga an nuna wa duniya cewa alkawarin Sarauniya na kiyaye rangwame ba abin dogaro ba ne.

Doka da farauta

Domin a fahimci matakin da gwamnati ta ɗauka, dole a san cewa dokar lasisin buga littattafai ta Ingila ta mutu tun 1695, lokacin da Majalisa ta ƙi sabunta ta. Daga wannan shekara babu wani jami'i da yake tace rubutu kafin a kai shi maɗaba'a. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta jira rubutu ya fito, sannan ta tuhumi marubuci da mai bugawa da laifin ɓatanci mai tayar da fitina. A wannan laifi gaskiyar abin da ka rubuta ba ta zama kariya, kuma mutum 12 da ake zaɓowa daga cikin jama'a su saurari shari'a aikinsu kawai su tabbatar ko kai ka wallafa, alƙalai ne suke yanke ko rubutun fitina ne. Babban Alƙali John Holt ya faɗi ruhin dokar a fili a shari'ar ɗan jarida John Tutchin a 1704, inda ya ce babu gwamnatin da za ta ɗore in ba a hukunta masu cusa wa jama'a mummunan zato a kanta. Sai a 1792 aka ba waɗannan mutum 12 ikon duba ma'anar rubutun kansa.

Sakataren Harkokin Ƙasa, Daniel Finch, wanda aka fi sani da sarautarsa ta Nottingham, shi ya ɗauki lamarin a hannunsa, kuma shi ne babban ɗan Tory mai kishin coci a cikin gwamnati. Aka kama Edward Bellamy, wanda ya kai rubutun maɗaba'a, ya faɗi sunan marubucin. A farkon Janairu na 1703 aka ba da sammacin kama Defoe, shi kuma ya ɓuya. Daga maɓoyarsa ya aika wa Nottingham wasiƙa yana roƙon afuwa, yana cewa jikinsa ba zai iya ɗaukar kurkuku ba, har ya yi tayin tafiya fagen yaƙi a yankin Holan ya yi wa Sarauniya aikin sojan doki da kuɗin aljihunsa. Matarsa Mary ta je da kanta ta yi roƙo, ba a saurare ta ba. Amsar da ya samu ita ce sanarwa a jaridar gwamnati, London Gazette, da ladan fam 50 ga wanda ya tona inda yake. Sanarwar ta siffanta shi dalla-dalla: matsakaicin tsayi, siriri, mai kimanin shekara 40, gashinsa ya yi duhu amma yana sa hular gashi, hancinsa da lanƙwasa, haɓarsa da tsini, da babbar tawadar Allah kusa da baki, tsohon dillalin safa a Cornhill, mai masana'antar bulo kusa da Tilbury.

Ya fitar da gajeren bayani yana cewa duk mai hankali ya san gatse ne, kuma bai taɓa nufin Majalisa ko ƙudurinta ba. Bayanin bai sauya komai ba. A ƙarshen Fabrairu aka shigar da tuhuma a kotun Old Bailey, Majalisar Wakilai kuma ta ba da umarni hauni ya ƙona ƙasidar a harabarta, aka yi hakan washegari. A watan Mayu wani ya karɓi ladan fam 50, aka kama Defoe a gidan wani masaƙi Bafaranshe a unguwar Spitalfields, unguwar da ta cika da 'yan gudun hijirar da sarkin Faransa ya kora, aka wuce da shi kurkukun Newgate.

Takardar tuhumar ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta rushe zancen da ake yawan yi cewa hukuma ba ta gane gatsen ba ne. Ba a tuhumi Defoe da kiran a rataye masu wa'azi ba. An tuhume shi ne da nufin haddasa gaba tsakanin Sarauniya da talakawanta, da sa masu saɓawa su ji tsoron za a ƙwace musu rangwamen da doka ta ba su. Ashe gwamnati ta fahimci ƙasidar sarai, kuma abin da ta hukunta shi ne saƙonta na gaskiya. Mutumin da ya yi kiran ɗaga jar tuta da bakinsa, da sunansa, a kan mumbarin jami'a, babu wanda ya taɓa shi a wannan shekara.

An yi zaman shari'ar a ranar 7 ga Yuli 1703. Defoe ya amsa laifi bisa shawarar da aka ba shi, yana sa ran sassauci, alhali cikin masu zaman har da Salathiel Lovell da wasu manyan birni da ya taɓa yi wa zambo a wata waƙa shekara guda kafin nan. Hukuncin ya zo da nauyi: tarar fam 133 da sule 6 da kwabo 8, tsayuwa a turu sau uku, kawo masu tsaya masa a kan zai kiyaye halinsa na shekara 7, da zama a Newgate har sai ya cika waɗannan sharuɗɗa. William Penn, jagoran 'yan ɗariƙar Kwaka, ya sa baki, aka ɗage turun na 'yan kwanaki. Nottingham yana son sunaye ne, yana son sanin su wane ne cikin manyan jam'iyyar Whig, abokiyar hamayyar Tory, suke bayan Defoe, da abin da ya sani na shawarwarin ƙarshen mulkin William. Bai samu abin da yake nema ba, sai aka bar hukunci ya yi aikinsa.

Kwana uku a tsakiyar birni

Turun da aka tsayar da Defoe ba na ƙafa ba ne. Katako biyu ne masu maɗauri a kan dogon gungume, da rami uku, a sa wuyan mutum a na tsakiya, hannayensa a na gefe, a kulle, a bar shi tsaye a kan dandamali na sa'a guda da takardar laifinsa a sama da kansa. Ba zai iya kare fuskarsa ba. Hukuncin na ainihi yana hannun 'yan kallo, waɗanda sukan yi jifa da ruɓaɓɓen ƙwai da taɓo da mushen dabbobi, wani lokaci da duwatsu, kuma an sha sauke mutane da raunin da ba su warke ba, wasu ma sun mutu. A ranar 29 ga Yuli aka tsayar da Defoe a gaban babbar kasuwar 'yan kasuwa ta Royal Exchange a Cornhill, 'yan taku kaɗan daga layin da ya yi shekaru yana sayar da safa, inda kowane dillali ya san fuskarsa. Washegari aka kai shi Cheapside, a rana ta uku kuma Temple Bar.

Ya shirya wa ranar tun yana Newgate. Ya rubuta waƙa mai suna A Hymn to the Pillory, yana magana da turun kamar mutum, yana lissafa mutanen kirki da suka tsaya a cikinsa da irin waɗanda suka fi cancantarsa, wato alƙalai masu cin hanci da limamai mashaya da 'yan kasuwa macuta. Ya rufe da cewa turun ya shaida wa jama'a waɗanda suka kawo shi nan sun rasa laifin da za su ɗora masa. An yi ta sayar da waƙar a cikin taron, magoya bayansa suka kewaye dandamalin, babu wanda ya jefe shi. Labarin cewa furanni aka watsa masa masana da yawa ba su yarda da shi ba, amma marubutan Tory na lokacin da kansu sun koka cewa an sauko da shi ana sowa kamar wani gwarzo.

Tabon dai bai goge ba. Bayan 'yan shekaru marubuci Jonathan Swift ya ambace shi da mutumin nan da aka sa a turu, yana nuna kamar ya manta sunansa, mawaƙi Alexander Pope kuma a 1728 ya siffanta shi a waƙa a matsayin mai yankakken kunne, alhali ba a taɓa kunnensa ba.

Abin da aka saya da kuɗin tara

Bayan sowa ta lafa aka mai da shi Newgate, ba shi da kuɗin tara, ba shi da ranar fita. Masana'antar Tilbury, wadda da ita yake biyan tsofaffin basussukansa yake ciyar da mata da 'ya'ya, ta ruguje saboda babu mai kula da ita. A nan Robert Harley ya shigo. Shi ma ɗan Tory ne, amma mai sassaucin ra'ayi, ya tashi a gidan masu saɓawa, kuma yana hamayya da Nottingham a cikin gida. Ya daɗe da gane cewa tunda babu dokar lasisi, gwamnati tana buƙatar marubutanta. A watan Satumba ya rubuta wa Ma'ajin Ƙasa, Sidney Godolphin, cewa in aka biya tarar Defoe a asirce daga alherin Sarauniya, mutumin zai yi amfani, kuma hakan zai fi ɗaure shi da nauyin godiya fiye da duk wani lada da za a ba shi daga baya. Ban san wata takarda da ta fi wannan bayyana yadda ake mallakar marubuci ba tare da an hana shi rubutu ba. Harley bai yi gaggawa ba, ya bar shi ya ƙara ɗanɗana zaman Newgate, sai a watan Nuwamba aka sake shi, aka aika wa iyalinsa kuɗi.

A watan Fabrairu na 1704 Defoe ya fara fitar da jaridarsa, Review, wadda ya riƙe shi kaɗai har 1713, yawancin lokacin sau uku a mako. A bazarar 1704 Nottingham ya bar gwamnati, Harley ya zama Sakataren Harkokin Ƙasa. Defoe ya zagaya Ingila yana tattara masa rahoton ra'ayin jama'a, a 1706 kuma aka tura shi Edinburgh ya yi aikin asiri domin haɗe Scotland da Ingila, abin da ya tabbata a 1707. Da mulki ya koma hannun Godolphin da 'yan Whig ya yi musu aiki, da Harley ya dawo a 1710 ya koma masa. Ba na cewa duk abin da ya rubuta a waɗannan shekaru ƙarya ne, domin sassauci a addini da haɗin kan ƙasa abubuwa ne da ya yi imani da su tun asali. Amma mutumin da a 1701 ya tsaya a gaban Majalisa yana yi mata gargaɗi da sunan talakawa bai sake samun wannan 'yancin ba, kuma abokan gabarsa sun samu gorin da suka yi masa har ya mutu, cewa alƙalaminsa na haya ne.

Shin Defoe yana da nasa kason laifi? Ina ganin yana da shi, kuma ba daidai ba ne a wanke shi tas. Cikin masu saɓawar da suka karanta ƙasidar akwai dattawan da suka ga zamanin da John Bunyan ya yi shekara 12 a kurkuku saboda wa'azi, suka ga ratayar da ta biyo bayan tawayen 1685. Ga irin waɗannan, shawarar igiya ba abin dariya ba ce, kuma marubucin da ya saka tsoro a zukatansu domin ya kama abokan gabarsa ya yi amfani da su ne ba da izininsu ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sai dai wannan laifi ne da mutanensa suke da haƙƙin tuhumarsa da shi, ba hukuma ba, kuma abin da ya faru daga baya ya nuna gargaɗinsa ba shaci-faɗi ba ne. A ranar 5 ga Nuwamba 1709 Sacheverell ya yi wa'azi mai zafi a babbar cocin St Paul, gwamnatin Whig ta gurfanar da shi a 1710, magoya bayansa suka bi dare suna farfasa ɗakunan ibadar masu saɓawa a Landan suna ƙona kujerunsu a titi. Hukuncinsa dakatarwa daga wa'azi na shekara 3 da ƙona wa'azin, babu turu, babu kurkuku, da wa'adin ya cika kuma Sarauniya ta ba shi coci mai tsoka a Holborn. A 1711 dokar hana leƙa coci ta wuce, da hannun Nottingham, ta zauna har 1719.

Defoe bai daina gatse ba. A 1713 ya fitar da ƙasidu uku masu take mai tayar da hankali a kan wanda zai gaji Sarauniya, ɗaya tana tambayar me zai faru in ta mutu, wata tana nuna kamar tana kawo hujjojin ƙin gidan Hanover, waɗanda doka ta ba gadon sarautar, alhali goyon bayansu take yi. A wannan karon 'yan Whig ne suka sa aka kama shi, Harley ya nemo masa afuwar Sarauniya. Baiwar da ta jawo masa waɗannan masifu, wato iya shiga rigar wani ya yi magana da muryarsa har mai karatu ya kasa ganin ɗinkin, ita ce ta fito a ƙagaggun labaransa. Robinson Crusoe ya fito a 1719, yana dab da shekara 60, a matsayin tarihin da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya rubuta da hannunsa, Moll Flanders kuma a 1722 da bakin wata mata da aka haifa a Newgate. Babu sunan Defoe a bangon ko ɗaya.

A daidai waɗannan shekaru yana wani aikin da sai a 1864 aka gano shi, lokacin da aka ci karo da wasiƙunsa na 1718 zuwa ga wani jami'in ofishin Sakataren Harkokin Ƙasa, Charles Delafaye. Bayan rasuwar Anne a 1714 da faɗuwar Harley, Defoe ya sake shiga hannun kotu a kan wani rubutu, ya daidaita da sabuwar gwamnatin Whig. Sharaɗin shi ne ya ci gaba da nuna kamar yana fushi da gwamnati, ya shiga jaridun 'yan Tory, musamman jaridar mako-mako ta Nathaniel Mist, ya riƙa rage musu dafi daga ciki. A wasiƙun ya bayyana yadda yake karɓar rubuce-rubuce masu zafi kamar zai buga su, sai ya danne su ko ya sassauta su, jaridar ta ci gaba da amsa sunan ta adawa alhali ba ta iya cizo. Mist ya daɗe bai san wanda yake yi wa aiki ba, kuma shi kansa an tsayar da shi a turu a 1721 saboda abin da jaridarsa ta buga.